Birnin Tambaya a Bayan Rumbu

Shekarar da na gama sakandare ita ce shekarar da Yaya ya daina magana. Ba kurumcewa ya yi ba. In ka gaishe shi zai amsa, in ka ce ga tuwo zai ce to. Daga nan shi ke nan. Ya dawo Ƙaura daga jami'a a Sakkwato yana tsakiyar karatu, da jaka ɗaya, ya shiga ɗakinsa na kusa da zaure ya turo ƙofa. An kai shi asibiti, aka ba shi ƙwayoyi masu sa barci. An yi masa ruƙiyya, ya zauna yana kallon tabarma har malamin ya gaji. Ba wanda ya san abin da ya same shi. Har yau ni ma ban sani ba.

Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Sai dai ta dama fura ta miƙo mini ta ce, "Kai ma mutumin naki." In na dawo da kwanon ta ɗan leƙa ciki, ta kawar da kai kamar ba ta duba ba. Ni ban gaji wannan kunyar ba. Nakan tsaya masa a bakin ƙofa in ce, "Yaya, wai mi anka yi maka? In mutum ne ka faɗi, in aljani ne ka faɗi, mu san inda munka dosa." Sai ya dube ni kamar wadda ta zo sayar da abin da ba ya bukata. In yi tsaki in tafi.

Akwai yashi a bayan rumbunmu. Baba ne ya sa aka kwaso daga gulbi don a ƙara wa Yaya ɗaki in ya gama karatu, sai aikin ya tsaya, kaji suka baje tulin. Wata rana bayan la'asar na zagaya ɗebo kara, na tarar da shi tsugune. Ya share yashin da tafin hannu ya yi sumul, yana ja masa layi da tsinke.

Na ce, "Mi kake yi?"

Ya ce, "Kauce, kin taka kasuwa."

Na ɗaga ƙafa da sauri kamar na taka garwashi. Tun dawowarsa ban ji ya haɗa magana da kansa ba sai ranar.

"Kasuwar wa?"

"Ta masu tawada. Su ne attajiran garin."

Na ajiye karan na zauna. Inna ta yi ta kirana, wuta ta mutu a murhu, ban tashi ba.

Sunan wurin Birnin Tambaya. Gari ne mai ganuwa, ba ya ƙarƙashin kowa, kuma ba a yin komai a cikinsa sai karatu. Kowace ƙofa da fanninta: Ƙofar Nahawu, Ƙofar Hisabi ta masu lissafi, Ƙofar Magani, da wata ƙarama ta masu nazarin taurari wadda ba a buɗe ta kullum. Ba a shiga da kuɗi. Baƙo zai tsaya ya yi wa mai gadi tambaya, in an taɓa yin irinta a ce ya koma ya sake shiri. Ba su da sarki. Wanda ya yi tambayar da ta gagari malaman garin shekara guda, shi ake ba makullin rumbunan littattafai, ya riƙe har wani ya amsa ta. Ba su da kurkuku. Wanda ya kwafi littafi ya yi kuskure da gangan, hukuncinsa ya ci abinci ba gishiri har a gama gyarawa. Aljanu ma suna zuwa ɗaukar darasi, da rana tsaka lokacin da mutane ke hutawa, ladan malaminsu kuwa abubuwan da suka ɓace wa mutane ne, allura, ɗan kunne ɗaya, murfin kwano. Yaya ya sa tashar jirgin ƙasa a gefen gabas, irin tamu ta Ƙaura inda layi ya ƙare, sai dai nasu jirgin yana zuwa.

Na ce, "To wa ka yi musu daka? Duk garin malamai, wa ka dafa tuwo?"

Ya ci gaba da jan layinsa. Na ɗauka na ɓata komai. Washegari ya same ni ina wanke-wanke, shi da kansa ya zo, ya ce, "Kowane malami shi ka daka furarshi. Wanda bai daka ba, ba a ba shi ɗalibi."

"Mata fa? In ƙofarsu daban ce ni ba ni yi."

Lokacin an fara ware mana mu mata motocin haya daban da na maza, ranar ma na daɗe a tsaye ina jiran tamu, raina a ɓace yake.

Ya ce, "Masu gadin duk makafi ne. Tambaya suka ji."

Daga ginin gari aka koma shiga cikinsa. Ya ce kowa ya zaɓi ko shi wane ne. Ni na zama mai tallar tawada da ke son shiga makarantar Hisabi. Shi ne sauran mutanen garin duka, mai gadi, alƙali, aljani, tsohuwar da ke ba da hayar ɗaki. Sai in faɗi abin da zan yi, shi kuma ya faɗi abin da ya biyo baya. Da na fara yi masa gardama cewa da gangan yake kayar da ni, ya shiga ɗakin marigayiya kakarmu ya ɓalle wuri huɗu, irin kuɗin da, daga jikin wani tsohon faifai. Ya ce daga yau ba shi zai yanke ba. In zan tsallake katanga ko in yi musu da malami, in watsa wurin. In uku ko huɗu suka buɗe baki, na yi nasara. In biyu ne, na yi amma da asara. Ƙasa da haka na faɗi.

Ana cikin haka 'yar Gwaggona ta zo daga Shinkafi koyon ɗinki. Taubashiyarmu ce, tana da izinin faɗa wa Yaya abin da ko ni ba zan faɗa ba. Ranar farko ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Kai, mijin wahala, an kai ka jami'a ka dawo kana wasan ƙasa? Sadakina ke nan, yashi?"

Ya ce, "Ba a shiga da surutu. Yi tambaya."

"Yaushe ka yi wanka?"

Ya ce, "Ba a taɓa yin wagga ba. Shigo."

Na yi dariya har na ƙware. Ita kuma ta zaɓi ta zama ɓarauniyar littattafai daga Garin Masu Amsa, abokan gaban birnin, mutanen da ko me ka tambaye su sun riga sun sani. Kullum sai an kama ta, kullum sai ta ce wurin ne ba ya ƙaunar mutanen Shinkafi. Ranar da aka yanke mata cin abinci ba gishiri, da daddare ya sa na ɗauke mata kwanon miya, ta bi ni da muciya.

Ya fara wanka ba a ce ya yi ba. Ya fara cinye tuwo. Ya koma bin Baba masallaci. A cikin gida har yanzu maganarsa kaɗan ce, amma a bayan rumbu sai ya yi ta zuba, yana sauya murya, yana muryar tsohuwa, yana muryar aljanin da ya kasa hadda. Inna, wadda duk rayuwarta a ƙofar ɗakinta take tsince wake, ta ga ya dace ta koma yi a gindin rumbu, ta ɗaya gefen, inda ba a ganinta. Ban taɓa ce mata na lura ba.

A watannin nan ne aka ƙaddamar da Shari'a. Maza suka cika motoci zuwa Gusau, Baba ma ya je, ya dawo muryarsa a dishe saboda kabbara. Aka rufe gidajen giya da na caca. Baba magatakarda ne a kotu, kuma jikan malamai, sai zaurenmu ya koma cike da masu zuwa tambaya: wannan ya halatta, wancan fa. Mu duk mun yi murna. Ban kawo a raina cewa wannan yana da wata alaƙa da yashin bayan rumbu ba.

Katangarmu ta wajen nan ta zube tun damina, an tare da zana. Maƙwabciyarmu tana shanya a wurin. Mijinta ya bi motar shanu daga Moriki zuwa kudu, an daɗe ba labarinsa, kullum idonta a kumbure. Abin da ta riƙa gani ta ramin zana shi ne saurayin da kowa ya san ba shi da lafiya irin ta mutane, ya share yashi da tafin hannu, ya ja layuka, a watsa wuri, ya duba, ya yi magana, mata biyu sun zuba masa ido. Ko ni aka nuna wa haka a gidan wani, na san sunan da zan ba shi.

Ta shigo ranar wata Laraba da kwanon gero a ƙarƙashin mayafi. Ta durƙusa a gefen ganuwar yashin, ta ce, "Malam, a taimake ni a duba mini."

Na ce, "Wane malam? Wasa muke yi, Iya. Tashi."

"Na sani, ɗiyata. Ai ba a faɗi."

Yaya ya yi mata bayani a hankali, ya fi ni haƙuri nesa ba kusa ba. Ya nuna mata kasuwa, ya nuna mata tasha, ya ce duk ƙirƙira ce, shi ya zauna ya shirya. Tana ta gyaɗa kai.

Ta ce, "To a yi mini wasan."

Ya ce a'a. Sai ta miƙa hannu ta kwashi wurin da kanta ta watsa. Uku suka buɗe.

"In ya yi haka, mi ke nan?"

Na ce, "Ba komi ke nan!"

Amma shi ba ya iya ƙin amsa tambaya a wurin nan. Ya ce, "A cikin wasan, wanda ya yi niyyar abu ya samu. A cikin wasan kawai, Iya."

Ta tashi ta bar geron. Na bi ta da shi har gida na dire mata a tsakar gida.

Kafin Juma'a ta sama mijin ya dawo. Ciwo ya kwantar da shi a can, ya warke, ya hau mota. Da na ji guɗa ta katanga na san mun shiga uku.

Suka fara zuwa. Ba ta zaure ba, ta wajen zanan, da la'asar, ɗaya-ɗaya. Wadda akuyarta ta ɓace. Wadda ɗiyarta ta daɗe ba haihuwa. Wata tsohuwa tun daga Banga, da ƙafa, da kaza a hammata. Ina korarsu, taubashiyata tana korarsu, suna cewa ai dama masu abin gaskiya ba su son a sani. In na ce ba shi da lafiya ne, su ce ai da ma ta haka abin yake zuwa. Duk abin da na faɗa sai ya zama shaida. Na je gidan maƙwabciyar na yi mata tas, na ce ta fita ta gaya wa mutane ƙarya ta yi. Ta bar ni na gama, ta ce, "Ni ban ce ma kowa komi ba. An tambaye ni na faɗi abin da na gani. Kuma ga maigidan can kwance cikin ɗaki, je ki gaishe shi."

Yaya bai sake amsa wa kowa ba. In ya ji motsi a zana sai ya rufe wurin da tafin hannu ya sunkuyar da kai har a tafi. Amma wasan ya fara yankewa. Ana tsakiyar shari'ar ɓarauniya sai a ji sallama.

Maganar ta isa kunnen Baba a masallaci. Wani abokin aikinsa ne ya ja shi gefe. Ranar bai tsaya a zaure ba, ya wuce kai tsaye bayan rumbu da babbar rigarsa, ya tsaya yana kallo. Muka miƙe. Ya ce mu zauna, shi ma ya tattara riga ya tsuguna.

Ya ce wa Yaya, "Nuna mini."

Ya nuna masa. Da farko murya ƙasa-ƙasa, daga baya ya manta da wanda yake gabansa. Baba bai taɓa jin wannan muryar ba tun da aka dawo da jaka ɗaya. Na ga yana kallon bakin Yaya, ba yashin ba. Da aka zo kan masu tawada har ya sa baki, ya ce in dai su ne attajirai to a ba su dajin ƙaro a bayan gari, don tawadar da ba ƙaro ba ta kama allo. Yaya ya ce gaskiya ne, ya ja wani ɗan da'ira a arewa. Da aka zo kan hukuncin gishiri Baba ya yi dariya. Na ce a raina mun tsira.

Sai ya miƙa hannu ya ce a ba shi wurin. Ya sa a aljihu.

Ya ce, "Na gani. Wasa ne, ba duba ba ne, ko kusa. Amma daga yau an bari."

Na ce, "Baba, kai da bakinka ka ce wasa ne!"

"Na ce."

"To a faɗa musu!"

"In bi gida-gida? Ko in sa a yi shela cewa ɗan magatakarda ba boka ba ne? Wanda bai ji ba ma ya ji ke nan."

"Sai mu bar wurin, mu yi da ƙwallon dabino. Mu bar yashin, mu koma cikin ɗaki, mu zana a takarda."

"Ko da tsakuwa kunka yi, sun riga sun san hanya. Gobe in anka kawo mai duba gabanmu, da wane ido zan rubuta? Kuma ba ni kaɗai ba ne. In masu sintirin Shari'a sunka shigo sunka same shi tsugune da mata kewaye, shi za su ɗauka, ba ni ba. Kin ga zai iya tsayawa ya yi musu bayani?"

 Na juya wajen rumbu na ɗaga murya, "Inna, kina ji fa! Ki yi magana!"

Na san tana nan. Na ji ƙarar wake a faifai ta tsaya. Sai na ji ta tashi, takunta ya yi wajen ɗaki. Ba za ta roƙa wa ɗan fari komai a gaban ubansa ba, ko da za a yanka ta. Na daɗe ina jin haushinta a kan wannan. 

Baba ya dafa kafaɗar Yaya, ya ce, "Ka yi haƙuri." Yaya ya ce, "To." Irin to ɗin da.

Ba wanda ya share birnin. Kaji ne suka yi aikinsu, cikin kwana kaɗan ya koma yashi. Na gwada ci gaba da baki kawai. Na je ƙofar ɗakinsa na ce ga ni na dawo da tallar tawada, mai gadi ya ce me? Ya ce kansa na ciwo. Na zana garin a bayan tsohuwar kalanda, na ɓata wurin tasha da gangan ko zai gyara. Ya karɓa ya duba, ya ce ya yi kyau, ya miƙo mini. Na yi masa faɗa, na ce ai ba yashin ne garin ba, yana cikin kansa, ya buɗe baki kawai. Na yi kuka, abin da ba na yi. Taubashiyata ta je ta zolaye shi da maganar sadaki, ya yi mata murmushin baƙo. Da ta gama koyon ɗinkinta ta koma Shinkafi.

Matan kuwa ba su daina ba. An gyara katanga, suka koma aiko da yara ta zaure, ko su tare Inna a gidan suna. Wata ta tare Yaya a hanyar masallaci ta durƙusa a gaban mutane. Daga ranar ya daina fita. Da ruwan farko ya sauka Baba ya ce a kai shi ƙauyen Dauran wurin Kawu, ya yi noma, iska ta buge shi, mutane su manta. Na ce a bar ni in bi shi. Aka ce sakamakon jarrabawata na nan tafe, in zauna. Inna ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da yaji a leda, ta ba ni ta ce in sa a jakar mutumin nawa.

Sai da kaka na samu zuwa. Na bi motar kasuwa zuwa Zurmi, daga nan na hau wata. Na tarar da su a gona suna ɗaure gero. Yaya ya yi baƙi, ya yi ƙarfi, hannunsa duk kanta. Kawu yana ta yabonsa.

"Wanga yaro, ɗiyata, ban taɓa ganin irinai ba. Aikin mutum biyu shika yi. Kuma ba ya da surutu ko kaɗan. Tun safe har marece ba ka jin bakinai. Ku ce ma babanku ya warke sarai."

Na je na zauna kusa da shi a kan dami. Na ba shi labarin gida. Na ce na ci jarrabawa, har lissafi. Ya ce madalla. Na ce taubashiyarmu an sa mata rana, ta ce a gaya masa ya yi sake. Ya ce Allah ya sa alheri.  Ƙasar gonar mai laushi ce, ga tsinke ko'ina, ba kowa kusa sai Kawu can nesa. Na share wuri da hannuna a gabansa na jira. Ya dubi wurin. Ya daɗe yana dubansa.

Sai ya ɗaga kai ya kalli rana, ya ce, "Ki tashi. In kasuwa ta watse ba ki samun mota."

Ya raka ni bakin hanya, ya riƙe mini jaka, ya tsaya har motar ta cika. Da muka tashi na leƙa ta taga. Ya riga ya juya, yana komawa wajen damman da suka rage.